Kiyasmar Malam Armaya'u

Malam Armaya'u malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a Kebbe. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya koyar da kalma sai ya fara gaisawa da kakanninta.

Da jarrabawar gwaji ta matso, shugaban makaranta ya kira shi ofis.

"Malam, bara ajin ƙarshe sun faɗi darasinka. Bana in sun sake faɗuwa, aji ɗaya za ka koma."

"Ranka shi daɗe, tushe nika ba su."

"Tushe kullum! Yaushe za su ga reshe?"

Darasin da ya rage shi ne kiyasma, wurin da zare biyu na gado ke gittawa cikin ƙwayar halitta su yi musayar gutsattsari. Abin da ke sa yaro ya ɗauko hancin dangin uwa da kunnen dangin uba ke nan.

Sai dai samun ajin ya zama aiki. Ran kasuwa rabin yaran ba su zo ba. Da suka dawo aka kwashe su noman filin makaranta. Ranar da suka cika, shi kuma yana Tambuwal kan layin tantance ma'aikata, yana ta huci.

Da Allah Ya haɗa su, ya zana gicciye a allo. Ya ce wannan harafin Girkawa ne mai suna ki, daga siffarsa kalmar ta fito. Ya ce masu iya jawabinsu kan gitta magana haka: Kebbe ta san Tambuwal, Tambuwal ta san Kebbe. Yara suka ji daɗi, kowa ya shiga ƙirƙiro nasa. Ya ɗauko igiyoyi biyu ke nan zai nuna yadda zaren ke gittawa, aka buga ƙarfen tashi.

Ran jarrabawa tambayar ta fito. Yaran suka cika shafi da Girkawa da harafinsu da Tambuwal. Ƙwayar halitta kuwa, babu wanda ya ko ambace ta.

Ya dawo gida ya jingine babur, ya ƙi cin tuwo.

"Mi ya faru kuma?" in ji matarsa Hinde.

"Ba su rubuta ƙarya ba ko ɗaya, Hinde! Ko ɗaya!"

"To, sun ci?"

"Sun faɗi."

"Aji ɗaya ke nan?"

"Aji ɗaya."

Ta tura masa kwanon. "Ci, Malam. Waɗanga ƙanana ne, kana da shekaru a gaba kafin a tambaye su."