Mato Mai Rumbu da Kunyar Ɗan Fari

An haifi Mato a wani ƙauyen Maguzawa kusa da Fammar, 'yan shekaru bayan zuwan Turawa. Noma ya gada, ginin rumbu kuwa a hannun kakansa ya koya, kuma da shi aka san shi tun daga Kahu har Madachi. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, mai tsananin kiyaye al'ada. Ba ya fara cin abinci kafin na gaba da shi, ba ya tsallake gaisuwa ko da gobara ake yi.

Ya auri Laraba, suka haifi ɗan fari namiji. Kamar yadda kowa yake yi a ƙasar, Mato ya ɗauki kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. Sai dai inda wasu suke yin abin sama-sama, shi Mato ya riƙe shi da hannu biyu. Da aka yaye yaron aka kai shi riƙo gidan kawunsa Gwadabe, ƙanin Laraba, wanda ya musulunta ya koma cikin gari. Gwadabe ne ma ya raɗa masa suna Ishiyaku. A bakin Mato kuwa sunansa “yaron nan,” in ya yi laifi ya zama “mutumin can.”

Ishiyaku na saurayi wani gyambo ya kama shi a ƙafa, aka kai shi asibitin 'yan mishan. Ya daɗe a can. Ya dawo da ƙafa lafiyayya, da karatu, da sabon addini. Bayan wasu shekaru aka naɗa shi mai bishara a ƙauyen ubansa, ya kafa rumfar kara a gindin wata tsamiya, ita ce majami'arsu.

Mato ya fara zuwa ne da sunan duba rumfar, wai ginshiƙinta ya karkace. Yakan zauna a waje, ya juya baya, yana gyaran igiya. A haka ya yi damina biyu yana gyaran igiya ɗaya. A shekarar da aka sami mulkin kai ya bar yanka wa iskoki kaji, ya aika a gaya wa mai bishara cewa yana son a yi masa baftisma.

To, a nan aka sami cikas. Fasto sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka, kafin rafin ƙauyen ya ƙafe, domin a cikinsa ake nutsar da mutane. Ba ya kuma nutsar da kowa sai wanda mai bishara ya koyar, ya kuma tsaya masa. Mai bishara kuwa shi ne yaron nan. Mato ya ga tsufa ya fara taɓa shi, ba ya son a ce masa sai baɗi. Amma ya zauna gaban ɗan fari yana tambaya ana ba shi amsa? Ko a mafarki.

Aka rasa ɗan aike sai Gwadabe. Tsakaninsa da Mato akwai wasan miji da ƙanin mata, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Gwadabe ya ce, “Yanzu ni da carbina zan riƙa yi muku dakon karatun Nasara? Kai tsohon Bamaguje, ba ka da tausayi.”

Mato ya ce, “Malamin jiya-jiya, ai kai ka raine shi. Abin da ka shuka ne ya tsiro.”

Haka aka fara. Kullum da hantsi Ishiyaku yana zaune a rumfa, Mato yana ƙofar gidansa, Gwadabe yana kai da kawowa a tsakani, yana tsayawa cin goro a hanya. An wuce halittar duniya lafiya. An wuce dokoki lafiya, ban da maganar giya, wadda ta ɗan ja lokaci. Sai aka zo kan Triniti, wato bangaskiyar Kirista cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Gwadabe ya kawo saƙon yana murmushi, don ya tabbata a nan za a yi ta. Ya isar da shi daidai, sa'an nan ya ƙara nasa: “Ni dai ɗan aike ne. Allah ɗaya na sani, ba shi da ɗa, ba shi da abokin tarayya. Ka ji nawa, kyauta.”

Mato ya ce, “Shi yaron nan me ya ce da ka gaya masa haka?”

“Wai su ma ɗaya suka ce, ba uku ba. Wai kuma ba haihuwa irin ta mutane ba ce, babu mace a ciki.”

Mato ya gyaɗa kai. Yawan sunaye bai dame shi ba, mutumin da ya tashi a gidan da kowane iska yake da kalar kazarsa. Tambayoyinsa na ladabi ne. Wa ake fara gaisarwa? In Uban yana zaune, Ɗan a tsaye yake ko a tsugune? Amsa ta dawo cewa babu babba babu ƙarami, gaisuwa ɗaya ta ishe su, zaune suke tare. Mato ya ɗan ɓata fuska, amma ya haɗiye.

Da aka zo kan Ruhu Mai Tsarki, ya ce ya gane, shi ne mai kai saƙo tsakaninsu, kamar Gwadabe. Gwadabe ya tafi da wannan yana taƙama. Ya dawo a sanyaye.

“Wai a'a. Wai shi ma Allah ne, ba ɗan aike ba. Wai kuma ba ya tsayawa cin goro a hanya. Ka ga yaron da na goya!”

Abin da ya tsayar da karatu shi ne labarin ranar da aka yi wa Yesu baftisma a kogi. Ishiyaku ya aiko da shi don ya ƙarfafa wa tsoho zuciya. Jama'a sun taru a bakin ruwa, Ruhu ya sauko kamar kurciya, murya kuma ta fito daga sama tana shaida cewa wannan Ɗansa ne, yana ƙaunarsa, yana jin daɗinsa.

Mato ya ajiye igiyar hannunsa. “A gaban mutane?”

“Wai cike da bakin kogi.”

“Ɗan nasa na nawa ne?”

“Shi ke nan gare shi, in ji su.”

“Ɗan fari ke nan! Uba ya buɗe baki a bainar jama'a ya ce yana son ɗan farinsa? Gwadabe, ka dai ƙara gishiri.”

“Wallahi yadda aka ba ni na kawo.”

Mato ya ce to shi kam a nan ya tsaya. Ya yarda Allah ya fi ƙarfin kowa, amma bai ga yadda mai girma duka zai rasa abin da ko talakan ƙauye yake da shi ba. Ya aika a tambaya ko za a iya cire wannan wurin. Amsa ta dawo cewa ba a cirewa. Ya aika ko zai iya cewa ya yarda da sauran, wannan kuma ya yi shiru. Ishiyaku ya ce ba zai tsaya wa mutum a gaban Fasto da rabin baki ba, ko da wanda ya haife shi ne.

Ana cikin haka ruwan rafi ya fara ja da baya. Duwatsun tsakiya suka fito. Mato yakan bi ta wurin da safe, wai zai duba gona, ya tsaya yana kallon inda ruwan ya bar alama jiya. Saƙo ya zo cewa Fasto na tafe ranar Lahadi mai zuwa. A daidai wannan makon ne kuma Gwadabe ya tafi Rano bikin 'yar abokinsa, ya ce ƙafafunsa ma suna da hakki a kansa.

Mato yana da aikin rumbu a gidan wani maƙwabci, ga dawa ta kusa yanka. Ginin ya kai inda sai magini ya shiga ciki, wani yana miƙo masa curin ƙasa daga waje. Mai miƙowar bai zo ba. Mato yana ciki yana faɗa shi kaɗai, sai ya ga curi ya leƙo ta bakin rumbu. Ya karɓa. Ya san hannun, don irin nasa ne, gajerun yatsu masu faɗi. Hannun yaron nan ne. Aka yi ta aiki, curi na hawa, bango na tashi, ba tari ba gyaran murya.

Can Mato ya dubi bangon da ke gabansa ya ce, “Kai rumbu.”

Mai miƙo curi ya matso kusa da bango, Mato ya ci gaba.

“Rumbu, ka tambayi masu karatu. Shi wannan Ɗa, da aka yaye shi, gidan wa aka kai shi riƙo?”

Daga waje muryar Ishiyaku ta ce, “Rumbu, ka gaya wa Baba ba a kai shi gidan kowa ba. Ba a taɓa yin lokacin da Uban yake babu Ɗan ba. Tun fil azal tare suke, su da Ruhu. Ko da ya zo duniya, ba su rabu ba.”

“Ba kawu?”

“Ba kawu.”

Mato ya daɗe yana shafa wuri ɗaya, har ƙasar ta yi santsi kamar tukunya. Ya tuna ranar da Gwadabe ya saɓa yaro a kafaɗa ya fita da shi, yaron yana waiwaye, shi kuwa yana zaune yana kallon ƙasa kamar bai gani ba, don haka ake yi. Ya ce, “Rumbu, ƙasar nan ta yi ruwa. A ƙara ciyawa.” Ya miƙa hannu ya karɓi wani curin.

Ran Lahadi Fasto ya iso a kan keke, dattijo ne mai yawan dariya. Gwadabe ma ya dawo, ya tsaya daga nesa a kan tudu, ya ce shi kallo ya zo. Aka zaunar da masu neman baftisma a gindin tsamiya. Ishiyaku bai sa ubansa a cikinsu ba, amma Mato ya zo ya zauna a kan gaba. Fasto ya dubi mai bishara, mai bishara ya dubi ƙasa.

Fasto ya ce, “Baba, Allah nawa ne?”

“Ɗaya.”

“To Uba da Ɗa da Ruhu fa?”

Mato ya ce, “Ranka ya daɗe, yadda abin yake a can ciki, ban sani ba, ba kuma zan yi maka ƙarya ba. Abin da ya tsaya mini a wuya rashin kunya ne. To na duba. Kunya sai da tsakani. Ni da yaron nan mu biyu ne, akwai katanga, akwai hanya, har akwai wancan mai cin goron. Su kuwa ba ko zare a tsakaninsu. Uban ba shi ne Ɗan ba, na ji wannan, amma Allahntakarsu ɗaya ce, ba a taɓa raba su ba. To kunyar wa zai ji? Na yarda.”

Daga kan tudu Gwadabe ya ɗaga murya: “Ni dai ban yarda ba, amma a shaida ban rage ko kalma a hanya ba!”

Fasto ya yi dariya har da share hawaye. Ya juya ga Ishiyaku ya ce, “Malam, ka tsaya masa?” Ishiyaku ya ce ya tsaya.

Ruwan ya ragu ƙwarai, sai da aka gangara wani gurbi a ƙarƙashin dutse inda ya kai ƙugu. Aka nutsar da Mato cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ya taso yana furzar da ruwa, ya tako zuwa gaɓa. Mata suna waƙa. Ya tsaya yana ɗiga, ya dubi jama'ar da ta cika bakin rafi, Kirista da Maguzawa da Musulmin da suka zo kallo. Ya gyara murya.

“Ishiyaku. Miƙo mini rigata.”

Waƙa ta tsaya. Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska. Ishiyaku ya waiwaya wajen tudu, don a zatonsa kawunsa ne, bai taɓa jin sunan a wannan muryar ba. Da ya gane, ya ɗauko rigar da hannu biyu ya durƙusa.

Gwadabe ya tafa hannu ya ce, “Shi ke nan, an sallame ni! Ko ladan ƙafa babu.”

Mato ya rayu shekaru da dama bayan wannan, yana gina rumbuna har ƙarfinsa ya ƙare. Kada a ce ya bar kunya gaba ɗaya. A ranakun mako Ishiyaku yana nan a yaron nan, saƙo kuma yakan bi ta hannun Gwadabe, wanda ya ci gaba da sallarsa da tsokanarsa har suka tsufa tare. Amma duk Lahadi, in an tashi daga rumfa, Mato yakan nemi dalili, ko sanda ko hula ko ruwan sha, ya kira sunan sau ɗaya da ƙarfi yadda kowa zai ji.