Akuyar da Malam Bai Yanka Ba

Ina amarya muka kama haya a Badarawa, shekarar da naira ta fito. Katanga ɗaya ta raba mu da wani malamin sakandare da matarsa. Ita Kirista ce ta gidi, ba ta fashin coci, kuma ita ta koya mini ɗinki. Shi kuwa a cikin Kiristanci aka haife shi, amma ya ce ya duba bai ga Allah ba. Ran Lahadi tana can tana waƙa, yana nan yana wanke babur.

Duk Kirsimeti maigidana, da nake kira Malam, ke yanka musu akuya, don in sun aiko mana mu ci hankali kwance. Haka ake yi a layinmu.

Wata shekara surukata, Inna, ta zo daga Zariya, ta ji labarin mutumin, ta saki salati. "Wanda ba ya tsoron Allah, me zai hana shi cutar ku? Wata na ƙarewa ku tashi!" Malam kuwa ba ya musu da Inna. Ni dai raina ya ɓaci matuƙa, don ina son gidan nan, ina son ƙawata.

Ana gobe Kirsimeti aka tura Malam aiki Kafanchan. Washegari da rana ga ƙawata da kwanon shinkafa, nama zuƙu-zuƙu. Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Wa ya yanka?"

Ƙawata ta ce, "Wani Musulmi ne, Mama."

Ta fita, na zuba wa Inna. Ta wanke hannu ke nan muka ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Mijin ƙawata ne, daga shi sai singileti, ko takalmi babu.

"Mama, kada ki ci! Ni na yanka da hannuna, kuma ban ambaci sunan kowa ba. Kunya ce ta sa ta faɗi haka."

Na ce a raina, shi ke nan, ka kashe mu, sarkin gaskiya! Sai ɗaurin kaya.

Inna ta janye hannu. "To kai da ka ce babu Allah, ina ruwanka da abin da na ci?"

Ya ce, "Ni a wurina nama nama ne. A wurinki fa? Ba zan zauna ina kallo a ba ki abin da kika tsufa kina gudu ba."

Ƙawata na bayansa tana sharɓar kuka. Ta durƙusa ta ce ta yi zunubi, a yafe mata. Wallahi ta ba ni tausayi, don na san ba mugunta ba ce, so take kada tsohuwa ta mayar mata da kwano. Inna ta ce, "Tashi, 'yar nan, ya wuce."

Da Malam ya dawo, ya gaishe ta, ya ce an yi masa maganar wani gida a Unguwar Dosa.

Inna ta ce, "Gidan me? Ku yi zamanku. Shi kuma wancan mai taurin kan, ka gaya masa na sa shi a addu'ata, ko yana so ko ba ya so."