Kwana Huɗu a Kan Keke Zuwa Babura

Shekarar da na yi ritaya daga aikin malamin gona ita ce shekarar da hawan jini ya kayar da ni. Na yi sati biyu a asibiti, na fito ina jan ƙafar hagu. Daga nan mutanen gida suka mayar da ni kamar ƙwai. Ko buta na ɗauka sai wani ya karɓe. Yayata da ke aure a Babura takan bugo waya kullum, kuma ba ni take tambaya ba, uwargida take tambaya ko na sha magani.

Likita ya ce in riƙa motsa jiki. Sai na fito da tsohon baƙin kekena daga ɗakin shirgi, na kai wa mai gyara ya sauya masa taya da sarƙa da birki. Ranar farko ban wuce bakin dam ɗin Kazaure ba na sauka ina haki. Amma ban daina ba. Kafin damina ta ƙare ina iya hawa tun hantsi har kusan azahar, ƙafar ma ta daina ja.

Da kaka ta shigo na faɗa wa uwargida cewa zan zagaya garuruwan da na yi aiki, Roni da Gwiwa, in ƙare a Babura in gai da Yaya, kuma a kan keke. Ta ce in dai sai na tafi, to in bar wayata a kunne, kuma kada in hau da tsakar rana. Ita ta ɗaure min kayan a kariyar bayan keken: bargo, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, magani, da jarkar ruwa. Ni kuma na ƙara famfo da kayan faci.

Kwana biyun farko daɗi kawai na sha. Hanyar Roni akwai tudu, na tura keken a wurare biyu ba tare da jin kunya ba. Ana ta yankan gero, dawa ta sunkuya, mata na tsinkar gyaɗa a gindin bishiya. Shekara talatin ina bin hanyoyin nan a babur, ban taɓa jin ƙanshin ɗanyen karan gero kamar wannan karon ba. A Roni na kwana gidan wani manomi da muka taɓa gwada sabon irin dawa a gonarsa. A Gwiwa limamin wata unguwa ya ba ni soro. Duk inda na tsaya tambayar ɗaya ce: me ya yi zafi, dattijo kamar ni, ga mota ga acaɓa?

Rana ta uku ce mai tsawo, don daga Gwiwa sai na yanko gabas ina neman Kanya Babba. Wajen la'asar, a wata kwana, motar haya ta taho tana ƙoƙarin wuce wata, ta cinye hannuna gaba ɗaya. Na karkata kan keken na bar kwalta, tayar gaba ta faɗa rami, na wuntsila cikin kwari. Motar ba ta ko rage gudu ba.

Na ɗan jima a kwance kafin na gwada motsa ƙafar hagu. Ta motsa. Gwiwar hannuna ta ɗaye, jini ya ɓata rigata, amma ƙashi lafiya. Keken ne ya ji jiki: wilin gaba ya lanƙwashe har ba ya juyawa. Na zauna a ƙasa na ciro waya. Na san kira ɗaya zan yi ɗana ya taho da mota, kuma na san in ya zo, ba za a sake barina in taɓa keke ba.

Ina riƙe da wayar sai wani dattijon Bafulatani ya gangaro daga inda shanunsa ke kiwo. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya yi min sannu, ya zuba min ruwa na wanke ciwon, sannan ya ɗaga keken ya juya shi yana dubawa. Ya tambaye ni inda na fito da inda za ni, na faɗa masa. Shi kaɗai ne a duk tafiyar bai tambaye ni dalili ba. Ya ce shi ma yana saurayi a ƙafa yake kai shanu kudu ya dawo da su.

Na ce, "Baffa, ina ga tafiyar ta ƙare a nan."

Ya ce, "Malam, ƙarfe ne ya lanƙwashe. Ciro min shi."

Na kwance wilin. Ya kai shi gindin wata bishiyar gawo, ya cusa gefensa tsakanin saiwa biyu, ya sa ni na riƙe, shi kuma ya taka da ƙafa a hankali, ya juya, ya sake takawa. Mun fi rabin sa'a a haka. Bai miƙe sarai ba, amma da na sassauta birkin gaba sai ya juya. Na mayar da wayar aljihu. Ya nuna min inda zan sami rijiya a gaba, ya koma wajen shanunsa.

Na shiga Kanya Babba ana kiran magariba, keken na rawa kamar ɗan maraƙi. Da safe wani mai gyara ya ɗaure sifokun wilin, na kama hanyar Babura. Ƙafafuna sun yi nauyi, hannun na zugi, amma da na fara hango rumfunan gari da motocin hatsi sai na ji ƙarfi ya zo min, na taka feda har iska na kaɗa min riga. Na wuce 'yan canjin kuɗin sefa, na wuce masu kora awaki, ina ta danna ƙararrawa ba don kowa ya tare min hanya ba.

Yaya tana tankaɗe a tsakar gida na turo keken na yi sallama. Ta dubi ƙurar jikina, ta dubi jinin rigar, ta tambayi inda na bar motar. Na ce babu mota, tun daga Kazaure a kan keken nake. Ta yi min faɗa sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yaro, tana yi tana ɗora ruwan zafi. Da ta gama gasa min hannun sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta, ta ce ta zo ta ga ƙaninta da aka ce ba zai ƙara tafiya daidai ba. Kafin azahar mata sun fi goma a gidan, kowacce ta shigo sai Yaya ta sake ba da labarin daga farko, tana ƙara masa nisa.

Kwana uku na yi a wurinta. Mijinta ya nemi ya saka keken a mota ya mayar da ni Kazaure. Tun ban buɗe baki ba Yaya ta ce masa a'a, yadda na zo haka zan koma, ta tashi ta cika min jarkar da kunun zaƙi.