Biyu Bisa Goma Sha Biyar

Babanmu ya yi shekara talatin yana dama launi a wata masaƙa a Kakuri, amma in ka zauna da shi ba zai ba ka labarin atamfa ba. Labarinsa guda ne: wai shi ne hannun daman wani shahararren mai zane, mutumin da yanzu hotunansa ke rataye a manyan ofisoshin Legas da ƙasashen Turai. Duk Sabon Tasha an san labarin, kuma babu wanda ya yarda da shi. Dattawan cocinmu sukan ce, "Kai dai ka cika baki. Zanen ɗaurawa ka sani, ina kai ina zanen bango?" Sai ya yi dariya tare da su, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo.

Abin da ya faru, yadda yake faɗa, shi ne mai zanen ya zo masaƙar yana saurayi, kafin duniya ta san shi, yana fitar musu da adon atamfa. Ranar Asabar kuwa nasa aikin yake yi. Yakan sassaƙa hoto a jikin katako, Baba ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya bi bayanta da gindin cokali yana gogawa har hoton ya fito. Katako ɗaya sai a buga masa takarda goma sha biyar ko ashirin. A kowane bugu mai zanen yakan ba Baba guda.

Guda shida ne a falonmu, manne a jikin kwali. Akwai mata masu dakon itace daga Kakau, akwai masu wanki a bakin kogi, wuyansu zalau-zalau, ƙafafunsu kamar taɓarya. Ban taɓa ganin kyansu ba. Abin da ya tsone mini ido shi ne farin gefen takardar, inda aka yi rubutu da fensir: wani jagwalgwalo irin sa hannun malamai, da layi guda na Turanci mai wuyar karantawa, sannan lamba. Biyu bisa goma sha biyar. Uku bisa ashirin. Ɗaya ma ɗaya bisa goma ce.

Ni 'yar makaranta ce, na san abin da irin wannan lamba take nufi. Na ɗauka Baba ne ya yi zanen, malaminsa ya duba ya ba shi maki. Na taɓa tambayarsa, shi kuma da yake tsokana a jininsa take, sai ya ce, "Ai malamin nawa ba ya wasa da maki." Ya ci gaba da goge takalminsa.

Ina da shekara goma sha biyu aka ce gidanmu za a yi addu'ar unguwa. 'Yan ajinmu uku za su zo da iyayensu, cikinsu har da wadda bakinta ya fi reza kaifi. Na hango ta a raina tana karanta makin Baba da ƙarfi a gaban fasto. Dama ana yi masa dariya, a ƙara da wannan? Sai na ɗauko almakashin ɗinkin Mama, na sauke hotunan ɗaya bayan ɗaya, na yanke farin gefen tas, na watsa a murhu. Na mayar da su bango ina jin na yi wa ubana gata.

Da yamma ya gani. Ya daɗe a tsaye a gabansu. Da na faɗa masa dalili, sai ya zauna ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce lambar bugu ce, takarda ta biyu cikin goma sha biyar da suka fito daga katako ɗaya. Bai dake ni ba, bai ma gaya wa Mama ba. Ya ce, "Bar shi, uwata, ai hoton na nan." Ni ma na yi dariya. Na ɗauka magana ta ƙare.

Shekara ashirin suka wuce. Na zama malamar firamare, ina raba wa 'ya'yan mutane maki da jan biro. Masaƙa ta sallami su Baba, ƙirjinsa ya lalace da shaƙar launi, tari ya zama abokin hirarsa. Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, kowa a gari yana jin abin da aka binne zai fito. A lokacin ne wata mata 'yar Jos ta yi sallama a gidanmu. Ta ce tana haɗa littafi ne don masu tara irin waɗannan hotuna, a kan ayyukan mai zanen na farko da ba a sani ba. Shi ya riga ya rasu. A wata tsohuwar wasiƙarsa ya ambaci wani ma'aikacin masaƙa a Kaduna da ke buga masa aiki, bai faɗi suna ba. Wata uku tana nema.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya ce ta dawo gobe. Ya sa na goge masa farar rigarsa ta zuwa coci, ya aika a kira dattawan nan biyu da suka fi kowa yi masa ba'a, wai su zo su sha shayi. Na san ba shayin ne ya dame shi ba. So yake kafin ya mutu wani mai ilimi ya ce, a gabansu, gaskiya ya faɗa.

Matar ta zo, ta sa farin safar hannu, ta sauke hoton masu dakon itace. Fuskarta ta yi haske, sannan ta juya takardar, ta duba baya, ta bi gefen da yatsa.

"Baba, ina gefen? Nan yake sa hannu, nan yake sa lamba. A wasiƙar ya ce yakan rubuta wa mai bugun godiya da sunansa a ƙasa."

Layin Turancin nan da na kasa karantawa ke nan. Sunan ubana ne na jefa a murhu.

"Wa ya yanke?" ta tambaya a hankali.

Na buɗe baki, Baba ya riga ni. "Ni ne, 'yata. Gara ta ci gefen, na ga ya yi muni, na datse." Ko kallona bai yi ba.

Matar ba ta da mugunta. Ta ce ita a ranta ta yarda aikin mai zanen ne, amma littafi ba ya ɗaukar abin da ke rai. Ba sa hannu, ba lamba, kowa zai iya cewa a kasuwa aka saya, ko kwaikwayo ne. Ta ɗauki hoton takardun da kyamara, ba ta ɗauki Baba hoto ba. Dattawan suka shanye shayinsu. Ɗaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba komai, mu dai mun san ka." Da ya yi masa dariyar da ya saba, da ya fi sauƙi.

Bayan sun tafi na durƙusa a gabansa ina kuka, na ce zan bi ta tasha in faɗa mata ni ce, na ga rubutun da idona. Ya ce, "Me kika karanta a ciki?" Na ce ban iya karantawa ba. Ya ce, "To, zauna. Ki taya ni cire rigar nan, ta matse ni."

Ban yafe wa kaina ba, kuma ba na so a ce mini yarinta ce. Na san yarinta ce. Garin neman gira na rasa masa ido, shi kuwa ya yi ƙarya a gaban dattawan coci don kada a kalle ni. Daga ranar bai sake ba kowa labarin mai zanen ba, har damina ta biyu da muka kai shi ƙauye muka binne.

Littafin ya fito bayan rasuwarsa, matar ta aiko mini da guda. Masu dakon itacen suna ciki, wani bugun da aka samu a hannun wani Bature, da gefensa cikakke. Na karanta bayanin da ke ƙasan hoton sau ɗaya, na rufe. An rubuta cewa a Kaduna aka buga shi da hannu, kuma ba a san wanda ya buga ba.