Gaisuwar da Ta Cinye Waƙar Yayana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da aka kaɗa wa yayana ƙararrawa a Talata Mafara. Har gobe in na tuna sai in kasa zama wuri guda.

Lokacin ana tsaka da aikin madatsar Bakolori. Gonakinmu na fadama a Dosara duk an auna su an kafa turaku, an ce ruwa zai hau. Mun kai kuka har mun gaji. Yayana makaɗin noma ne, ni kuma ina cikin 'yan amshinsa. Ana haka sai ga shela, wai za a yi gasar waƙa ta ƙasashen duniya, kowace ƙasa waƙa ɗaya za ta kai. Za a fara tankaɗe daga Mafara, wanda ya ci ya wuce Sakkwato, daga nan Ikko, inda manya za su zaɓi ta ƙasa.

Yaya ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tsara waƙar fadama, ya zuba kukanmu duka a ciki. Mu ba kofin gasar ne ya dame mu ba, so muke ta isa kunnen manya ko a bar mana abin nomawa. Dattawan gari suka sa albarka, wasu ma suka biyo mu a mota.

Da muka isa filin, sai wani ma'aikaci ya ce lokaci ƙayyadadde ne, da alƙali ya kaɗa ƙararrawa an gama. Ni kuwa na san halin mutumina. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, don Allah ka faɗa waƙar kai tsaye."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Kai, ina anka taɓa yin haka? In tsaya gaban mutane ban gaishe su ba?"

Aka kira mu. Ya fara da yabon Ubangiji, ya yi salati, ya gaida hakimi, ya gaida sarakunan noma na Maradun, ya gangaro kan mutanen Bakura, kowa da kirarin kakansa. Murya kuwa ba a magana, fili ya ɗauka. Ni ina amshi, idona na kan hannun alƙali. Na rage amshi don in hanzarta shi, ya watso mini harara. Ya juya kiɗa ke nan, ya buɗe baki ya ce "Fadamar ubana," sai ƙararrawa.

"Yallaɓai, ai gaisuwa ce ni yi, ban soma ba," in ji yaya.

"Malam, doka ce," in ji alƙali. "Na gaba ya shigo."

Wasu samarin Mafara aka zaɓa, da 'yar gajerar waƙarsu ta haɗin kai. Tsakani da Allah sun iya. Amma haushi ya kusa kashe ni. A mota muna komawa gida, sai wani dattijo da gonarsa ke jikin tamu ya nisa ya ce, "To, an dai gaishe mu."

Damina ba ta zagayo ba sai da ruwa ya shafe fadamar. Yaya bai sake rera waƙar ba har ya koma ga Allah, ni ma yanzu amshin kawai nake iya tunawa.

Ban ce gaisuwa laifi ce ba, da ita aka raine mu. Amma tun ranar na gane cewa in ka je gaban wanda ke riƙe da ƙararrawa, ka fara da abin da ya kawo ka, in lokaci ya ragu ka tambayi lafiyar iyali.