Gashin Doki a Motar Maƙwabci

Aikina kula da dawaki ne. In wanke su, in goge musu jiki, in kwashe kashi. A wata gona a Kakau nake yi, gidana kuma a Unguwar Boro. Maƙwabcina yana da shagon abincin kaji a can Kakau, yana da tsohuwar mota. Sai muke haɗa kuɗin mai mu uku: ni, shi, da wata malamar firamare da ke bayan layinmu, ita ma a Kakau take koyarwa.

Malama tana da asma, kuma gashin doki ke tayar mata da ita. Ranar farko da na shiga motar da kayan aiki, ba mu yi nisa ba ta fara atishawa, idanunta suka kaɗa. Ta ce, "Baba, motar nan ko kai ko ni."

Mai mota ya raba gardama. In bar kayan aiki a gona. In yi wanka da sabulu kafin mu taso, in sa wasu kaya da nake ɗaurewa a leda. Takalmi a but ɗin mota. Ita a gaba, ni a baya, gilasai a sauke. Na yarda. Muka cinye rani lafiya.

Wata yamma da damina, ruwa ya sauko muna shirin tasowa. Ƙofar gaba tana yoyo, sai Malama ta dawo baya kusa da ni. Mai mota ya ɗaga gilasai duka. Muna kaiwa Gonin Gora muka tarar tirela ta mutu a tsakiyar titi. Ba gaba, ba baya.

Can na fara jin wata 'yar ƙara kamar ana hura usur a hankali. Daga ƙirjinta take fitowa. Ta lalubo abin shaƙarta a jaka, ta fesa a baki. Ƙarar ba ta tafi ba.

Mai mota ya leƙo ni ta madubi. "Baba, yau ka yi wanka kuwa?"

"Na yi."

"Da sabulu?"

"Oga, tuƙa motarka."

"In tuƙa ta ina? Sama?"

Gumi ya karyo mata. Ta dafa bayan kujerar gaba, kafaɗunta suna hawa suna sauka.

"Yi mata fifita mana!" in ji shi. "Ka zauna kamar buhun dusa!"

Babu mafici, babu kwali. Na yi abin da kowane namiji ke yi in zafi ya dame shi. Na cire hulata, na shiga kaɗa mata a fuska.

Ta buge mini hannu. Na ɗauka cewa take in ƙara, na ƙara. Mai mota ma yana ta cewa, "Da ƙarfi, da ƙarfi!" Ta sake bugu. Tana so ta yi magana, iskar maganar babu. Leɓɓanta sun fara sauya launi. Sai ta tattara ƙarfinta ta fizge hular, ta cusa mini ita a ido.

Jan gashin doki ne maƙale cikin zaren hular, ko'ina. Wa ke lissafa hula cikin kayan aiki? Da ita nake wuni ƙarƙashin cikin doki. In zan yi wanka in rataye ta a ƙusa, in na gama in mayar. Duk rani iskar taga ce ke rufa mana asiri.

Na buɗe ƙofa na fita. Na wurga hular a kwata. Na buga saman motar.

"Sauke gilasai! Duka!"

"Ruwa zai jiƙa kujeru."

"Kujeru za su bushe. Sauke!"

Ya sauke. Ta zura kai ta taga, ruwa yana dukan fuskarta. Ni na ja baya, don ban san abin da ya rage a kaina ba. Mai mota yana ta kiran sunan Yesu. Na taɓa ganin mutum ya cika a gabana, ba sau ɗaya ba. Na san yadda ƙirji ke yi kafin ya tsaya. Nata nake kallo.

Motoci suka ɗan motsa, na bi su a ƙafa, ina gefe. Ta sake fesawa. Ta riƙe numfashi. Ta saki. Ƙarar ta ragu, ta dawo, ta sake raguwa. Ban ɗauke ido ba sai da kafaɗunta suka sauka.

"Baba," ta ce, muryar a shaƙe. "Shigo."

"A'a."

"Ruwa yana dukanka."

"Bar shi ya doka."

Na ce wa mai mota in hanya ta buɗe kada ya tsaya ko'ina sai asibiti a Sabon Tasha. Da aka janye tirelar ya taka mota da gaggawa, ya faɗa rami. Na jiyo ta tana masa faɗa, wai so yake ya ƙarasa ta. Muryar ta fito sosai, har inda nake tsaye. Sannan na tsallaka titi neman keke napep.