Sangen da na ba da aro cikin ɗari

Kar, kar, kar. Ƙarar wuƙa ce a jikin kifi, tana fitowa daga bayan katangar da ta raba sashenmu da na ƙanin mijina. Ina zaune bayan azahar ina tsince tsakuwa daga jar dawar taimako. Da farko murna na yi, na ce alhamdu lillahi, yau dai kifi ya ci ƙugiya. Na ci gaba da tsinta ina jiran a yi sallama a miƙo mana rabonmu. Na gama faifai guda, na ɗebo na biyu, ƙarar ba ta tsaya ba. Duk macen da ta taɓa gyaran kifi ta san tsawon kankarar guda uku ko huɗu. Wannan ta wuce nan, kuma wuƙar ba ɗaya ba ce.

Shekarar fari ce. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, gyaɗa ko irinta ba mu mayar ba. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a Najeriya, iyaka kuma a rufe. Duk da haka mazan Matameye suka bi ta hanyoyin gona suka tafi ci-rani, har da mai gidana. Ya bar ni da yara uku, da rabin buhun dawa, da wani abu guda da ya fi dogara da shi, wato ramin kifinsa.

A ƙasan garkarmu akwai tafki, a gefensa kuma akwai wani gurbi mai zurfi da ba ya saurin ƙafewa. Kafin ya tafi, mai gidana ya sassaro rassan bagaruwa da na magarya, ya ɗaure su dami-dami da igiyar kaba, ya rataya musu duwatsu, ya nutsar da su a gurbin. Na yi masa dariya, na ce mutane na neman itacen girki shi yana zubarwa a ruwa. Ya ce, "Kifi ma ɗari yake ji. In sanyi ya sauka, ƙasa yake yi ya nemi inda zai raɓa. Ɗaki na gina musu." Ya ce karfasa za ta cika cikin ƙayar, giwan ruwa kuma zai riƙa kewaye wurin yana farautarta. Taru ba ya shiga ƙaya, don haka ba mai iya kwashe su a rana ɗaya. Sai fatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Mutum biyu ya nuna wa wurin, ni da ƙaninsa. A gabana suka yi magana a zaure. Ƙanin zai riƙa zuwa sau biyu a mako, da hantsi, bayan rana ta ɗumama ruwa. Duk kifin da faɗinsa bai kai yatsu huɗu ba a mayar da shi. Abin da aka samu a raba biyu, gidansa da gidana. Da haka, in ji mai gidana, miyar yara ba za ta rasa ɗan abu ba har bazara. Ƙanin ya dafa ƙirji ya ce, "Yaya, ƴaƴanka ƴaƴana ne." Ƴata ta tsakiya, mai shekara shida, tana jingine da ubanta. Ita ce ya saba tafiya da ita bakin ruwa yana ba ta ƙananan kifi ta mayar ruwa.

Wata guda abin ya tafi daidai. Talata da Asabar yakan shigo da karfasa biyar ko shida a jere a kaba, wata rana har da giwan ruwa mai tsawon kamu. Ina soya biyu, in kyafe sauran in riƙa dakawa a miyar kuka. Yarana suka fi na maƙwabta haske, har nakan ji kunya in aika wa tsohuwar da ke bayanmu da ɗan kan kifi.

Daga nan sai ya fara zuwa hannu wofi. "Ɗari ya yi yawa, kifi ba ya ci," ya ce. Na yarda, don na ji mai gidana yana cewa akwai ranakun da ko ka sa masa tana a baki ba zai motsa ba. Mako uku muna cin tuwo da kuka zalla. Ƙaramin ɗana ya fara ture kwano. Ni kuwa ƙanin mijina nake tausayi, ina cewa bawan Allah yana tsaye cikin ruwan sanyi a banza. Har kunu nake dama masa in ya dawo.

Ran Alhamis ya shigo yana wasan da muka saba.

"Matar Yaya, uwar ɗakina, a taimaki talaka."

"Kai dai ba a ganin ƙeyarka sai da roƙo. Yau kuma mene ne?"

"Sange nake so aro. Sauro ya hana jaririnmu barci."

"Sauro cikin wannan ɗari? Na gidanku bargo gare su?"

"Na gidanmu sojoji ne, ba su san hutu ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na buɗe akwati na ciro gidan saurona, wanda mahaifiyata ta sa mini cikin kayan ɗaki, fari, mai ƙananan idanu, ban taɓa bari ya yage ba. Na miƙa masa na ce a gaishe mini da jariri. Ni da na yi lakwal, karatun boko har koleji, ni da na ga tambayar da idona har na faɗe ta da bakina, na mayar da ita wasa.

Ranar Asabar ɗin ce na ji wuƙaƙen. Na ajiye faifai, na yafa mayafi, na zaga.

Ban taɓa ganin kifi haka ba. Daro biyu cike da manya, matarsa da wasu mata biyu suna kankarewa. Wani baƙo daga wajen Ɗan Barto, can bakin iyaka, yana tsugune kusa da buhunansa yana zaɓe. Tabarmi uku a shimfiɗe a rana, an baza ƙananan a kai, waɗansu ba su kai ɗan yatsana ba, suna ƙyalli kamar an watsa cokula. A kan igiyar shanya kuma ga sangena. Ya koma ruwan ƙasa don taɓo, ƙaya ta tsaga shi wuri uku.

Matarsa ba ta ɗago kai ba. Shi ne ya taso yana goge hannu a riga.

"Matar Yaya, ai yanzu nake shirin aiko miki."

"Ina rassan?"

"Mun ja su waje."

"Duka?"

Ya ce, "Ki gane mana. Ruwan nan ƙafewa zai yi. Kafin bazara ko tsuntsu ba zai sha ba. In ban kwashe ba wani zai kwashe."

"To me ya hana ka faɗa mini haka? Mako uku kana cewa ba ya ci."

"Barin su na yi su taru."

"Kana shan kununa kana barin su su taru."

Ɗaya daga cikin matan ta ce a hankali, "Hasbunallahu." Baƙon ya ci gaba da zaɓensa kamar ba da shi ake ba. Ina so in yi faɗa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Jaririn ya samu barci?" A nan matarsa ta ajiye wuƙa ta shige ɗaki.

Wataƙila gaskiyarsa ce game da ruwan. Na sha juya wannan a raina. Amma da ya zo ya ce mini, ga abin da nake tsoro, me kika gani, da mun aika wa yayansa, da mun kyafe mun ajiye, da ko kwashewar ce mun raba biyu. Abin da ya yi shi ne ya dubi idona ya sa ni dariya, ya karɓi kayana da hannuna ya je ya share abincin ƴaƴana da shi.

Kashegari da hantsi na sauka garka. Rassan na tule a bakin ruwa, ƙullin igiyar mai gidana na nan yadda ya yi shi, don shi sau biyu yake naɗawa kafin ya ja. Gurbin ya dame kamar kunun kanwa. Na daɗe a tsaye ban ga ko da'ira ɗaya a saman ruwan ba.

A lokacin an hana kamun kifi da gidan sauro, an yi shela a kasuwa, kuma zamanin soja ba a faɗa sau biyu. Mun sha ganin an ɗora mutum a bayan mota an yi Damagaram da shi kan abin da bai kai wannan ba. Na iya rubutun Faransanci, ba na bukatar kowa ya rubuta mini. Na yago takarda daga tsohon littafina na lakwal, na rubuta layi biyu zuwa ga ma'aikatan gandun daji. Sai jaririnsu ya tsala kuka ta bayan katanga. Na tuna shi jaririn bai ari komai ba. Na cusa takardar a murhu, na yi alwala, na kai ƙarata inda ba a bukatar takarda. Wasiƙar da na aika wa mai gidana a makon nan, cewa kawai na yi muna lafiya, ɗari ya yi sauƙi.

Manyan kifin duk sun bi buhunan baƙon. Bayan la'asar matarsa ta miƙo kwano ta saman katanga, hannunta kawai na gani. Ƙananan ne, an soya su da gishiri. Na riƙe kwanon ina niyyar mayarwa. Amma ƙamshin ya riga ya kai ga yara, sun kewaye ni, ƙaramin yana jan zanena. Na yi bisimilla na ajiye musu a tabarma.

Babban da ƙaramin suka kai hannu. Ta tsakiyar ta ɗauki guda, ta ɗora a tafinta, ta jera yatsunta huɗu a kai kamar yadda ubanta ya koya mata. Yatsa biyu suka rufe shi. Ta ɗauki wani ta gwada, ta sake ɗaukar wani. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Inna, waɗannan ba su kai ba. Tashi mu mayar da su ruwa kafin Baba ya dawo."